Dokar da ke sama da ƙasa tana kaiwa teburin ma'aikaci kuwa? Amsa ga mai shirin mastas

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, makin jarabawa ne ya riƙe ni. Ka ce kai ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha, ka samu gurbin mastas a fannin gudanar da mulki, sufabaizanka ya ce ka yi bincike kan dokokin gudanarwa na ƙungiyoyin da ke sama da ƙasa da yadda suke shafar aikin gwamnati a cikin gida, kai kuma kana ganin wannan harkar Turawa ce kawai tunda ECOWAS ɗin tamu a faɗarka haushi take ba ta cizo, ga Nijar ma ta fice ba abin da ya faru. Kana so ka ji ko ka karɓa ko ka roƙi a canza maka.

Ka karɓa. Amma in ka karɓa ka je ka zauna kana kwafo sassan yarjejeniya, sashe na kaza ya ce kaza, toh wallahi ka ɓata shekara biyu a banza, na duba irin wannan aikin ya fi a ƙirga kuma duk kamarsu ɗaya. Ita wannan dokar a takardar yarjejeniya kwance take kamar gawa, inda take motsi shi ne kan teburin ma'aikaci irinka, a fom ɗin da yake cikewa da sakular da ta zo masa daga sama da abin da yake tsoron zai same shi in ya ƙi bi. Nan za ka sa ido.

Bari mu fara raba abu biyu da ɗalibai ke cakuɗawa. Dokar gudanarwa a taƙaice tambayoyi ne da ake yi wa duk mai riƙe da hatimin gwamnati: wa ya ba ka ikon yin abin nan, ka saurari mutumin kafin ka yanke, ka faɗa masa dalili, in bai yarda ba ina zai kai kuka. Shi ke nan. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu ma, tun zamanin da akwai zaman mazalim inda talaka ke kai ƙarar hakimi. Ita kuma "sama da ƙasa" ba daidai take da "tsakanin ƙasashe" ba. Yarjejeniya tsakanin ƙasashe alkawari ne gwamnati da gwamnati, in an saɓa sai a yi ta aika wasiƙu. Amma in ƙasashe suka kafa wata hukuma suka ce mun sallama miki wani yanki na ikonmu, ki yi doka ta hau kanmu ko da ba mu so, kotunki ta yanke mana hukunci, ɗan ƙasarmu ma ya iya riƙe dokarki ya yi ƙararmu da ita, toh wannan shi ne sama da ƙasa. Kai da kake jiha ka san ɗanɗanonsa, dubi yadda kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, suke, ƙa'idar daga Abuja take, aikin a jiha ake yi, in ba ku kawo naku kason ba kuɗin na nan zaune kuna kallo.

Gaskiyarka ta wani ɓangaren, asalin fannin a Turai ya girma, kuma dole ka san labarinsa ko da binciken naka a Jibiya za ka yi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙananan rigingimu ne suka gina shi. A 1960 wani kamfanin sufuri na Holan mai suna Van Gend en Loos ya shigo da wani sinadari daga Jamus, kwastan ɗin ƙasarsu suka caje shi kashi 8 maimakon kashi 3 da aka saba, alhali yarjejeniyar Roma ta 1957, wadda ta kafa ƙungiyar tattalin arzikin Turai, ta hana ƙara haraji tsakanin mambobi. Gwamnatin Holan ta ce ina ruwan ɗan kasuwa da yarjejeniyar gwamnatoci, kotun Turai da ke Luksambag ta ce a 1963 da ruwansa, yarjejeniyar ta ba shi haƙƙi shi da kansa kuma alƙalin ƙasarsa ya kare masa shi. Sai kuma wani lauya a Milan, Flaminio Costa, ya ƙi biyan kuɗin wuta lira 1,925, kuɗin da bai taka kara ya karya ba, don yana adawa da mayar da kamfanonin lantarki hannun gwamnati, daga wannan bil ɗin a 1964 kotun ta fitar da ƙa'idar cewa in dokar ƙasa ta ci karo da ta ƙungiyar, ta ƙungiyar ce a sama ko da ta ƙasar ce ta zo daga baya.

Waɗannan biyun kowa ya haddace su. Wadda ta fi shafar aikinka kuma ɗalibai ba sa kula ta ita ce shari'ar Fratelli Costanzo ta 1989. Italiya na shirin gasar cin kofin duniya ta 1990, hukumar birnin Milan ta fitar da kwangilar gyaran filin ƙwallo, kamfanin Costanzo ya saka farashi mai sauƙi, sai aka cire shi kai tsaye saboda dokar Italiya ta ce duk wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da wani lissafi a jefar da takardarsa. Umarnin ƙungiyar Turai kuma cewa ya yi a'a, sai an kira shi an tambaye shi yadda ya yi lissafinsa tukuna. Kotun ta ce ba alƙali kaɗai ba, hatta ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke buɗe ambulan ɗin tanda wajibi ne ya ajiye dokar ƙasarsa gefe ya bi umarnin. Ka tsaya ka yi tunanin wannan a ofishinku, a ce wa daraktan kwangila dokar da majalisar jiharku ta yi gwamna ya sa hannu, ka ƙi bin ta saboda wata takarda daga waje. Wannan shi ne zuciyar fannin gaba ɗaya.

Me ya sa abin ya kama a can? Ba don Turawa sun fi mu jin magana ba, su ma suna da taurin kai iya nasu. Na farko hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai ma'aikatanta wajen 32,000 ne kacal a kan mutane sama da miliyan 440, ba ta da kwastan nata, ba ta da malaman gona nata, kusan duk dokokinta ma'aikatan ƙasashe ne ke aiwatarwa, don haka tun farko aka gina hanyoyin da za a riƙe su. Akwai hanyar da alƙalin ƙaramar kotu zai dakatar da shari'a ya tura tambaya Luksambag a fassara masa, amsar ta dawo shi ya yanke hukuncin da hatimin ƙasarsa, kaga gwamnati ba za ta ce wata kotun waje ce ba, alƙalinta ne. Akwai shari'ar Francovich ta 1991 da ta ce in gwamnati ta yi sakaci ba ta shigar da umarni cikin dokarta ba har wani ya yi asara, ta biya shi diyya daga baitulmali. Sannan akwai tara. A 2000 an ci Girka tarar yuro 20,000 kullum saboda wani juji a tsibirin Kirit da ta ƙi rufewa, a Oktoban 2021 aka sa wa Polan yuro miliyan 1 kullum kan rigimar ladabtar da alƙalai, da ta ƙi biya sai aka riƙa zarewa daga kuɗin da za a ba ta. Birtaniya ma bayan ta fice ba ta tsira ba, a 2022 kotun ta same ta da laifin barin yadi da takalman China suna shigowa da farashin ƙarya tsawon shekaru kwastan na kallo, ta ƙare da biyan wajen fam biliyan 2.3. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Wani abu da nake so ka riƙe, ruwan ba daga sama kaɗai yake gangarowa ba. Kotun Luksambag ba ta zo da dokar gudanarwa a aljihu ba, tsinto ta ta yi daga mambobin. Ƙa'idar nan ta cewa kar hukuma ta ɗau matakin da ya wuce girman matsalar, kar a kashe sauro da guduma, daga kotunan Jamus ta samo asali, haka ma ƙa'idar cewa in hukuma ta sa mutum ya dogara da alkawarinta ba ta da ikon juya masa baya dare ɗaya. Tsarin ƙarar hukuma kuma ya ɗauko da yawa daga Faransa. Sai aka haɗa aka mayar wa kowa, har alƙalan Ingila da ba su saba da auna girman mataki ba suka koya. Daga baya aka rubuta haƙƙin samun kyakkyawar gudanarwa a sashe na 41 na kundin haƙƙoƙin Tarayyar, wanda ya zama doka a 2009: a saurare ka, ka ga fayil ɗinka, a ba ka dalili. Ƙasashen gabashin Turai da suka shiga a 2004 kuwa sai da aka tisa su gaba suka sake dokokin aikin gwamnati da na kwangila da na odita kafin a buɗe musu ƙofa, wasu kuma da suka shiga suka ga ƙofa ta rufu a bayansu sai suka fara komawa gidan jiya, wannan kansa darasi ne kan lokacin da matsin lamba ke aiki da lokacin da yake daina aiki.

Kafin in zo kan ECOWAS, ka ce abin Turawa ne bai shafe mu ba. Tambayi dillalan wake a Dawanau. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda an yi ta samun maganin ƙwari a ciki, irin sinadarin fiya-fiyan nan da ake zubawa a buhu don kar ƙwari su ci, ya wuce iyakar da suka sa nesa ba kusa ba, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Mu ba mambobi ba ne, ba mu da ƙuri'a a wajen, ba a tambaye mu ba, amma takarda ɗaya daga Brasels, hedikwatar Tarayyar, ta sa ma'aikatun tarayya zaman kwamiti, ana maganar ɗakin gwaji da satifiket ɗin fitar da kaya da wayar da kan manoma su koma buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba magani. A ƙa'idar fanni wannan ba ikon sama da ƙasa ba ne a kanmu, ikon mai kasuwa ne, amma a teburin ma'aikaci sakamakon ɗaya ne. Haka dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023, duk wanda ya karanta ta Turai da ta fara aiki a 2018 zai ga kamannin uwa da 'ya.

Toh yanzu gida. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, aka sake yarjejeniyar a Kwatano a 1993, sakatariyar ta zama hukuma a 2007 da niyyar a yi irin na Turai. Kotunta tana Abuja, alƙalan farko sun kama aiki a 2001, amma shekarun farko zaman jiran tsammani suka yi don gwamnatoci ne kaɗai ke da ikon kai ƙara kuma ba gwamnatin da ke son ƙarar 'yar uwarta. Wani ɗan kasuwa, Afolabi Olajide, ya kai ƙarar Najeriya saboda rufe iyakar Benin a 2003 ya ja masa asara, kotun ta ce a 2004 ba ta da hurumin sauraron mutum ɗaya. Ka lura da wannan sosai, ƙara ce irin ta Van Gend sak, ɗan kasuwa da kan iyaka, amma tamu ta mutu a bakin ƙofa. Da aka gyara a 2005 sai aka buɗe wa mutane ƙofar take haƙƙin ɗan Adam, ba ma sai ka gama da kotunan ƙasarka ba, amma ƙofar ɗan kasuwa ya yi ƙarar gwamnati kan saɓa dokar ciniki ba a buɗe ta yadda ya kamata ba. Shi ya sa kotun da aka kafa don kasuwa ta zama kotun haƙƙin ɗan Adam. A ganina wannan shi ne babban dalilin da dokar ECOWAS ba ta shiga jinin ma'aikatanmu ba, don masu kuɗi da naci da lauyoyi, wato 'yan kasuwa, su ne suka tura dokar Turai cikin ofisoshi, mu kuma namu an bar su a waje sai dai su sasanta da jami'i a bakin shinge.

Duk da haka ba a ce ba ta cizo sam ba. Shari'ar Hadijatou Mani ta isa misali. An sayar da ita tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar ƙwarƙwara, a yankin Konni, bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta yi aure, tsohon ubangidan ya ce matarsa ce, har aka yanke mata wata shida kan auren kan aure. Kotun ECOWAS ta tashi takanas ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Abin da ya shafe ka a hukuncin shi ne ba a ce gwamnati ce ta bautar da ita ba, Nijar ma ta riga ta haramta bauta a dokarta tun 2003, laifin shi ne hukumomi da alƙali sun ga baiwa a gabansu, sun rubuta a takarda, ba su yi komai ba. Laifin sakacin ma'aikaci ne aka ɗora wa ƙasa. Kuma Nijar ta biya.

A ɗaya gefen kuma ga Sambo Dasuki, kotun ta ce a sake shi a biya shi naira miliyan 15 a Oktoban 2016, bai fito ba sai Disamban 2019. Hukuncin kotun kan rufe Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi ya fito a Yulin 2022 bayan an riga an buɗe tun Janairu. Na sakin Bazoum, hamɓararren shugaban Nijar, a Disamban 2023 ko kallo bai samu ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, don shi ya canza min yadda nake koyar da darasin nan. Wasu shekaru da suka wuce na yi wani ɗan aikin ba da shawara a wata ma'aikata, ina zaune a ofishin wani mataimakin darakta sai masinja ya shigo da fayil mai koren bango, a ciki kwafin wani hukuncin kotun ECOWAS ne da wasiƙar lauyan wanda ya ci shari'ar yana neman a biya. Mutumin nan ba mugu ba ne, na san shi da riƙon amana. Ya karanta shafin farko da na ƙarshe, ya ɗaga kai ya tambaye ni, malam wannan a wane layin bajat zan saka shi? Babu. Wace sakula ce ta ce in hukunci irin wannan ya zo ga matakin da za a bi? Babu. In na biya odita ya zo ya tambaye ni da izinin wa, me zan nuna masa? In kuma ban biya ba wa zai ba ni kweri? Ba kowa. Ya ɗau jan biro ya rubuta haruffa ukun nan da ka sani, KIV, wato a ajiye sai wani lokaci, ya sa hannu da kwanan wata, masinja ya mayar da fayil ɗin rajista. Minti biyar ba a yi ba. Duk muhawarar da ake yi a manyan taruka kan ikon ƙasa da martabar kotun yanki, a nan ta ƙare, kuma in ka auna da hankali mutumin daidai ya yi wa kansa, biya na da haɗari gare shi, ƙin biya ba shi da ko ɗaya.

A bayan wannan jan biron akwai sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam an yi mata haka tun 1983, shi ya sa Kotun Ƙoli a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 ta ce kotunanmu za su yi aiki da ita, duk da tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Lauyoyin gwamnati kuma kullum hujjarsu kan kotun ECOWAS ita ce ba a shigar da takardun kafa ta ba. Hanyar da alƙalin ƙasa zai tura tambaya Abuja a fassara masa tana nan a rubuce, amma ƙura ta rufe ta.

Yanzu tsallaka Maraɗi ka ga wani abu daban, kuma nan ne nake ganin naman bincikenka yake. Nijar tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe 8 masu kuɗin sefa da aka kafa a 1994, hukumarta da kotunta suna Wagadugu, tsarinta kusan kwafin na Turai ne, an rubuta ƙarara cewa dokar ƙungiya na sama da ta ƙasa. A 2005 ta fitar da umarni biyu kan kwangilolin gwamnati, suka ce a raba mai sa ido kan bayar da kwangila da mai tsara ƙa'ida, a kafa hukuma mai zaman kanta da wakilan gwamnati da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin farar hula, wanda aka zalunta a tanda ya kai kuka can kafin kotu. Ƙasashen suka kafa, kusan da suna iri ɗaya. A 2009 aka fitar da wasu kan kuɗin gwamnati, a bar bajat na jera kayan saye a koma bajat na shiri da sakamako, Nijar ta mayar da shi dokarta a 2012, ma'aikacin kuɗi a Yamai da na Dakar da na Lome suka koma aiki da jadawali iri ɗaya. Ga kuma OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashe 17 har da Nijar da Chadi da Kamaru, dokar kasuwanci ɗaya, rajistar kamfani iri ɗaya, ƙarar ƙarshe a tafi Abijan ba kotun ƙolin ƙasa ba. Ba wai komai na tafiya sumul ba ne, an sha shigar da umarni a makare, an sha kafa hukuma a hana ta kuɗi, kwangilar tsaro kuma ko'ina ramin kura ce. Amma tasirin a kan tebur ya fi na ECOWAS nesa, dalilin kuma a fili yake, kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya a Dakar, wanda ya riƙe maka asusu ba ka yi masa KIV. An gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka toshe wa Nijar asusunta a bankin. Kuma ka lura da abin da kai kanka ka kawo hujja da shi: Nijar da Mali da Burkina sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ta tabbata a Janairun 2025, amma ba su fice daga UEMOA a lokacin ba. Wadda ta fi shiga cikin aikin ofis ita ta fi wuyar fita.

ECOWAS ɗin ma akwai inda take kan tebur kullum ba tare da an lura ba, wajen kwastan. Harajin bai ɗaya na kayan waje ya fara aiki a 2015 da matakai biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kuma duk wanda ya taɓa fitar da kwantena ya ga layin nan na kashi 0.5 a takardar biyan kuɗi, wannan kuɗin ƙungiyar ne jami'in Najeriya ke karɓar mata. Sai dai dubi shinkafa, a jadawalin kashi 10 ce, Najeriya ta ɗora wani harajin daban a kai da ya ninka shi sau da yawa, maƙwabta ba su ɗora ba, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga, fasa-ƙwauri ya kankama, daga nan aka rufe iyakoki a Agustan 2019 har Disamban 2020 da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 tana nan ba a soke ta ba. Haka shawarar 1998 kan makiyaya masu tsallaka iyaka da satifiket ɗin dabbobi, ka ɗora ta kusa da dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai ta 2017 ka ga yadda jiha ke yin doka kamar ba ta taɓa jin an yi wata a sama ba.

Akwai kuma masu iko ba kotu ba yarjejeniya, irin FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram, wadda saka Najeriya da ta yi a jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai na cikin abin da ya haifar da EFCC a farkon shekarun 2000. In ka shiga nan ba za ka fito ba, ka ambace su a babi na biyu ka wuce.

Shawarata a aikace, ka ɗauki doka ɗaya tak da ofis ɗaya ko biyu. Misali ƙorafin tanda, yadda ake yinsa a Maraɗi ƙarƙashin umarnin UEMOA da yadda ake yi a jiharku, inda dokar kwangila ta biyo sawun ta tarayya ta 2007 wadda ita kuma shawarar Bankin Duniya ce ta haife ta ba umarnin wata ƙungiya ba. Ko takardar shaidar asalin kaya a Jibiya da Dan Issa, ko Illela da Konni. Sai ka bi sawunta kamar mai bin sawun ɓarawon shanu, ranar da aka zartar a sama, ranar da ta shiga gazet, sakular da ta kai ta ofis, fom ɗin da ya canza, layin bajat, wanda aka tura kwas, da wanda aka taɓa hukuntawa don ya ƙi bi. Duk inda sawun ya ɓace, nan ne sakamakon bincikenka, kar ka ji tsoron rubuta cewa ya ɓace a rajista. Kar ka dogara da kwesinaya mai "na yarda sosai, na yarda kaɗan", ma'aikaci zai cika maka abin da yake ganin kana so, gara ka zauna da magatakarda da kiliyarin ejan da direban tirela ka ce su nuna maka takardar ƙarshe da suka cike. Tambayar da ta fi ba ni amsa a duk hirarrakin da na yi ita ce, in ka ƙi bin wannan me zai same ka, in ka bi kuma me zai same ka.

Ka koyi Faransanci ko na karatu ne kawai, takardun UEMOA da OHADA da Faransanci suke kuma fassarar inji tana kashe kalmomin shari'a, hira kam Hausa ta ishe ka har Damagaram. Kuma tunda kai ma'aikaci ne ka nemi izinin babban sakatarenku a rubuce kafin ka taɓa fayil ɗin ofis ko da kai ne ke riƙe da makullin, sannan ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku na jami'a kafin ka doshi kan iyaka, yanayin tsaro da siyasar yanzu ba na yawo da littafi da biro ana tambayar jami'ai ba ne haka kawai. In ka zaɓi dokar da ofishin, turo min shafi biyu in duba kafin ka kai wa sufabaizan.